Juma'a, 22 ga Maris 2019: Gama, ana gobe zaɓe

Yau ma da ƙarar tifa muka tashi. Tun da hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamnan Kano bai kammalu ba, mazaɓarmu ta Gama ta zama 'yar lele. Titin da muka gaji da roƙo ana shimfiɗa masa kwalta har cikin dare, an kwashe bolar da ta kusa cinye bakin layinmu, ana ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ga likitoci suna duba marasa lafiya kyauta. Umma ta ce in dai haka abin yake, a riƙa soke mana zaɓe duk shekara. Mun yi dariya, amma ta yaƙe ce.

Dalilin wannan gata ba ɓoyayye ba ne, ko yaran makarantarmu sun haddace lissafin. A zaɓen 9 ga Maris, Abba Kabir Yusuf na PDP ya sami ƙuri'a 1,014,474, Gwamna Ganduje na APC ya sami 987,819. Tazarar 26,655 ke nan, alhali masu rajista a rumfunan da aka soke sun haura dubu 100, shi ya sa aka ce inkwankulusib. A cikinsu mazaɓarmu kaɗai tana da rumfa 62 da masu rajista sama da dubu 40. Duk wanda ya riƙe Gama gobe, kusan ya riƙe gidan gwamnati. Mu kuwa ba mu aikata laifin komai ba. Mun jefa ƙuri'unmu lafiya, aka ƙirga a gabanmu. Can a wurin tattara sakamako na ƙaramar hukumar Nasarawa aka yayyaga takardu da tsakar dare, hukuncin ya faɗo a kanmu.

Makaranta ba a yi wani abin kirki ba. Iyaye sun fara zuwa ɗaukar 'ya'yansu tun kafin tara, shugaban makaranta bai yi musu ba. Ya sa muka kulle littattafai da rajista a ofis, don harabar ce za ta zama rumfa gobe, kuma ya san bencin da aka yi jifa da shi ba wanda zai biya.

Bayan an sauko daga Juma'a na lura da abin da mutane ke ta raɗa tun Laraba. Baƙin fuska sun cika unguwa. Ana sauke su a bas-bas, su zauna rukuni-rukuni a bakin shaguna da kangaye, ba sa sallama, ba sa cewa komai. Wasunsu Hausarsu ma ba ta cikin gari ba ce. Ban ga makami tsirara ba, amma mutum ba ya sa rigar sanyi a zafin Maris sai da abin da yake ɓoyewa. Mai shayin bakin titi ya ce yau ya yi cinikin da bai yi ba tun ƙaramar salla, kuma da la'asar zai tattara teburinsa sai Litinin. Na kuma ga waɗanda a da ba sa rabuwa da jar hula sun fito da zanna ko kai ba hula, masu hoton gwamna a jikin adaidaita su ma sun ɓanɓare. Kowa ya zama ba ruwansa.

A nan ne wani yaro da na koyar a aji biyar ya tare ni. Yanzu ya zama ƙato, idanu jawur, leɓe a bushe, amma har ƙasa ya durƙusa.

"Malam, barka da Juma'a. Don Allah gobe kar ka bar Umma ta fito."

Na ce, "Kai kuma fa, me za ka fito yi?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Aiki aka ba mu, Malam. Ba a ce mu taɓa kowa ba, tsayawa kawai za mu yi."

Ban tambaye shi waye ya ba su aikin ba, shi ma bai faɗa ba. Amma maganarsa ta tsaya mini a rai har yanzu da nake rubutun nan, don gaskiya ya faɗa. Tsayawar ita ce aikin. Ba sai an sari kowa ba. In samari hamsin suka tsaya a ƙofar rumfa da gora a hannu, tsohuwa za ta juya, mai goyo za ta juya, magidanci zai tuna da 'ya'yansa ya juya. Kafin azahar layi ya watse, takardun ƙuri'a suna nan a jibge ba mai su, sai abin da aka ga dama a yi da su. Wannan satar tun yau ake yin ta, a cikin zukatan mutane, kuma ba ta barin shaidar da lauya zai kai kotu.

Kada wani ya ce mini ɓangare ɗaya ne ke da yara. Duk wanda ya taso a garin nan ya san kowane gidan siyasa da dabarsa. Ana saura kwana biyu zaɓen shugaban ƙasa aka gwabza a Kofa ta Bebeji, aka ƙona motoci, aka rasa rayuka, kowane ɓangare yana nuna ɗan'uwansa da yatsa. Mu muna da 'yan daba da 'yan jagaliya, Gombe da 'yan kalare, Bauchi da sara-suka, Borno ta yi zamanin Ekomog. Ɗan talaka ne dai a ko'ina, a ba shi ƙwaya da ɗan abin kashewa, in an rantsar da mai gida a manta da lambar wayarsa. An hana kodin tun bara, amma idon yaron nan bai nuna an hana komai ba.

Da la'asar majalisa ta cika, hirar duk a kan 'yan sanda. Kwamishina Muhammad Wakili ya sami farin jini saboda yadda ya tsaya a zaɓen farko, to amma yanzu an turo mataimakin sufeto janar daga Abuja ya jagoranci tsaron gobe. Wasu sun ce ƙarin ƙarfi ne, wasu sun ce an ɗora masa wani a kai ne don a ɗaure masa hannu. Wani dattijo ya tuna mana da zaɓen gwamnan Osun a Satumbar bara, inda Adeleke na PDP ke gaba da ƙuri'a 353, aka ce bai kammalu ba, aka sake a 'yan rumfuna, Oyetola na APC ya ci da tazarar 482, masu sa ido suna ta kukan an hana mutane isa rumfa. Ya ce zaɓen cike gurbi ya fi babban zaɓe haɗari, don ƙarfin da a da yake warwatse a ƙananan hukumomi 44 yanzu a 'yan unguwanni za a tara shi.

Maƙwabcina da ya yi aikin wucin gadi a zaɓen da ya wuce ya ƙara mana da nasa. Ya ce na'urar tantance kati ba ta aika sakamako ko'ina. Abin da ke ƙirguwa shi ne takardar EC8A da ake cikawa da biro a rumfa, a ɗauke ta da hannu zuwa mazaɓa, daga nan zuwa ƙaramar hukuma. Gyaran dokar da zai ƙarfafa na'urar kuwa Shugaba Buhari bai sa masa hannu ba a Disamba, ya ce zaɓe ya matso. Saboda haka duk tsiyar tana tsakanin rumfa da wurin tattarawa, kuma wanda ke riƙe da takardar galibi ɗan bautar ƙasa ne, baƙo, ba shi da kowa a gari. Wanda ya tuna da 'yan bautar ƙasa 10 da aka kashe a Bauchi a 2011 ba zai zarge shi ba in ya ga adda ya sa hannu a abin da aka miƙo masa.

Ina dawowa gida na tarar wata mata ta zo ta tafi. Atamfa da sabulu take rabawa, tana rubuta lambar katin zaɓen matan gida a littafi. Matata ta ce katinta yana wurina, Umma kuwa ta karɓi sabulun ta ce idonta ba ya ganin lamba. Ita lambar ba ta jefa ƙuri'a, amfaninta kawai mace ta ji cewa an san ta, an san gidanta.

Bayan isha na isar wa Umma da saƙon yaron. Ta ce ta yi layi a zaɓen 1979 tana amarya, ta zaɓi Malam Aminu, ba jikan cikinta ne zai zaunar da ita a ɗaki ba. Yayana ya kira daga Kaduna yana faɗa, wai ƙuri'a ɗaya ba ta kai ran mutum ba. Ban iya ce masa ƙarya yake ba, ban kuma iya ce wa Umma ta haƙura ba.

Ga abin da muka tsayar. Ni da maza huɗu na layinmu za mu fita bakwai da rabi, kafin a buɗe rumfa ƙarfe takwas, ba hula mai launi, ba doguwar magana da kowa. In mun ga jami'an tsaro a ƙofa kuma layi na tafiya, zan dawo in ɗauki Umma da matata tare da sauran matan layin, a tafi gaba ɗaya a dawo gaba ɗaya. In ba haka ba, ƙofa a kulle. Umma ta ce ta ji, amma katinta ta ƙi ba ni ajiya.