Zoɓo, kanwa da awon jini: abin da aikin asibiti ya koya mani

Duk wanda ya yi aiki a asibitin sha-ka-tafi nan Daura ya san tambayar nan, "Likita, tunda na fara shan zoɓo ai sai in aje ƙwayar hawan jinin ko?" Amsata kullum a'a ce, amma fa ban raina zoɓon ba. An yi bincike a kanshi kuma lallai yana ɗan sauke jini, sai dai kaɗan ne, ba zai ɗauko wanda awon jininshi ke 180 ya maido shi ƙasa da 140/90 shi kaɗai ba. Kuma ba irin na leda ake nufi ba wanda aka labta wa suga har yana danƙo. Tafarnuwa ma haka, taimako ne kawai.

Inda na fi shan daga da mutane shi ne tukunya. Kowa so yake ka gaya mashi abin da zai ƙara sha, ba mai son jin abin da zai rage. Hukumar lafiya ta duniya cewa ta yi gishiri kar ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, to sai Hajiya ta ce maka wallahi ɗan nan ni na bar gishiri, kana bincikawa ka tarar dunƙule huɗu ake marmasawa a miyar kuka ga na yaji ga kanwa, ita kanwar ma ai sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta kunun kanwa da wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Bugun zuciya kuwa, na babba in yana hutawa 60 zuwa 100 ne a minti. Dattijo ya sauko daga acaɓa da goro a baki dole ka ga ya hau, shi ya sa nake cewa Baba zauna tukuna, minti 5, ja numfashi a hankali ka sake shi a hankali, sai a auna. Sau da yawa lambar takan sauka.

Tafiyar ƙafa minti 30 sau 5 a sati kyauta ce, amma ita aka fi ƙi.

Yanzu duk mai shan wani jiƙo cewa nake ya zo mani da gorar in gani, don wani yana kan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari ya haɗa da zoɓo kofi-kofi, yana miƙewa daga sujada jiri ya ɗebe shi.