Jaririn da ba ya kuka

Gobe zan ajiye aiki bayan shekara 14 a sashen jarirai, kuma har yau yaro ɗaya ne ke hana ni barci.

Yana da kwana 25 aka kawo shi, shawara ta ƙi sakinsa. Uwarsa 'yar ƙarama ce, haihuwar fari, sai yabonsa take yi: "Sista, haƙuri gare shi, ba ya kuka, sai na tashe shi yake shan nono." Kakarsa na gefe tana hamdala. Ni kuwa na ga harshe ya cika baki, cibiya ta turo, maɗiga a buɗe sosai, jiki sanyi ƙalau, kashi sai bayan kwana huɗu. Raina ya ba ni tayirod ce, 'yar halittar nan ta gaban wuya wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Wasu jariran ana haifarsu babu ita sam, wasu kuma tana maƙale a gindin harshe, ba ta sauko mazauninta ba.

Na roƙi likitan da ke kanmu a yi gwajin TSH, gwajin jinin da ke nuna ko tayirod na aiki. Ko kai bai ɗago ba. "Sista, yaushe kika zama likita? Shawarar nono ce." A gaban ɗalibai ya faɗa. Na haɗiye maganata, ko a kati ban rubuta ba. Laifina ke nan, ba na ɗora wa kowa.

Sun dawo yana da wata takwas, wuya bai tsaya ba, murya a dishe. Gwaji ya tabbatar. Aka fara ba shi levothyroxine, 'yar ƙwaya da ake niƙawa a ɗan nono kowace safiya. Kumburin fuska ya saɓe, ya soma girma, amma abin da ƙwaƙwalwa ta rasa a watannin nan ba ya dawowa duka. Da an fara a mako biyun farko, da wuya a bambanta shi da tsararrakinsa. A Ingila ɗigon jini daga diddige a rana ta biyar ake ɗauka a gano. Mu nan, idon nas ne gwajin farko.

Ƙannena da zan bari: shawara ta wuce mako biyu, ku tuna da tayirod. Kada a haɗa ƙwayar da maganin ƙarin jini. Ku tambayi uwa ko gishirinta mai aidin ne, sinadarin da tayirod ke buƙata. Abin da kuka gani ku rubuta a kati, ku sa hannu, ko an yi muku tsawa.

Likitan ya samu ƙarin girma a shekarar. Muna gaisawa lafiya lau, bai taɓa tada zancen ba.