Gyaran tsoffin mashayun ƙauye a Ingila

Ƙaramin kamfani gare ni a kudu maso yammacin Ingila, ni da birkila ɗaya da kafinta da yara biyu masu koyo. Yaɓen tsoffin gine-gine muke yi, kuma yawancin kwangilarmu daga mashayun ƙauye take fitowa. 'Yan uwa a gida kan ce, kai da ba ka sha, me ya kai ka? Bango nake gyarawa. Kuma a ƙauyen Turawa mashaya ita ce dandali, da can ma ita ce masaukin fatake.

Wanda ke son ganin irin ginin ya je Norton St Philip a yankin Somerset ya dubi George Inn. Ƙasansa dutse ne, benayen sama kuwa katako ne, sun ɗan turo kai bisa titi. 'Yan kasuwar ulu ne suka fara cika shi, kuma a 1685 Duke na Monmouth, wani basarake da ya yi wa sarkin Ingila tawaye, ya sauka a ciki lokacin tawayensa.

Bangon irin waɗannan benaye ba bulo ba ne. Ginshiƙan katakon oak ne aka sassaƙa aka haɗa da turakun itace. A tsakaninsu a saƙa ƙirare, a shafe da laka da aka cuɗa da ciyawa da kashin shanu, sannan a bi da farar ƙasa. Duk wanda ya taɓa taka ƙasar gini da ramno a Kano, hannunsa ba zai yi baƙunta ba.

Abin da ke ba mu abinci shi ne ɓarnar siminti. A shekarun 1960 da 1970 an yi ta lafta shi a kan waɗannan bangaye don sauri da araha. Farar ƙasa tana shan danshi ta sake shi. Siminti kuwa tsagewa yake yi, ruwa ya shiga ya rasa mafita, ya kwanta a jikin katako. Sai ka ɓamɓare shafen ka tura yatsa cikin ginshiƙin da ya shekara ɗaruruwa, ya nutse, gari yana zubo maka a hannu.

Nan rigima da mai gida ke farawa. Shi yana lissafin kwanakin da zai rufe ƙofa, ni ina gaya masa shafi uku za mu yi, kowanne sai ya sha iska kafin a ɗora na gaba, kuma da sanyi ya kama ba ma taɓa farar ƙasa, don ƙanƙara na farfasa ta. Ga takarda kuma. Ginin da ke cikin rajistar tarihi, dokar 1990 ta hana a sauya masa fasali sai da izinin ƙaramar hukuma, ko da taga ce. Masu ganin wasa ne su tambayi waɗanda suka rushe mashayar Carlton Tavern a Landan a 2015 ba da izini ba, tun ma kafin a sa ta a rajistar. Sai da aka sa su suka sake gina ta yadda take.

Bene ya karkace, ƙofa ta yi gajarta har baƙo na buga goshi, ba na miƙar da su. Idan mai gida ya nace, nakan ce ya nemi wani magini.