Daga Delhi: in za ku kawo mara lafiya, ku duba watan da za ku zo tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya, ya sanyi ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa. Allah ya kawo mana sauƙi.

Kusan kullum sai an turo min saƙo, wane zai kawo babansa Indiya a duba mai zuciya, wance za ta kawo yaro a yi mai aiki, ana tambayar kuɗin masauki da biza da wane likita ne ya iya, amma ba mai tambayar wane wata ya kamata a zo. To ni a wajena ita ce tambayar farko. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Janairu garin nan iskarsa guba ce, kuma ba ni na faɗa ba, shi kansa babban ministan Delhi na lokacin, Arvind Kejriwal, a 2017 ya ce garin ya zama ɗakin gas. A Disambar shekarar ne ma 'yan wasan kurket na Sri Lanka suka fito fili da takunkumi a fuska, wasu har amai suka yi ana tsakiyar wasa.

Abin da masu bincike suke aunawa shi ne wani ƙurar hayaƙi da suke ce ma PM2.5, ƙanƙantarsa ta kai a ce silin gashi ɗaya ya fi shi kauri wajen sau 30, shi ya sa gashin hanci ba ya tare shi, yana wucewa har can ƙasan huhu daga nan ya shiga jini. Hukumar lafiya ta duniya WHO a 2021 ta ce kada ya wuce 5 a ma'auninsu in an ɗauki tsakaicin shekara. Delhi tana wajen 100. Ranar 18 ga Nuwamba 2024 wani ma'aunin daban na gwamnati mai nuna munin iska a kullum, AQI, ya nuna 494, ma'aunin kuma a 500 ya ƙare, kun ga saura ƙiris ya rasa lambar da zai nuna. Irin wannan ranar za ka iya kallon rana da tsakar rana ido ba ya ko ƙiftawa, ja ce kawai a sama, maƙogwaro na ƙaiƙayi, in ka fyace majina baƙa ce. Masu keke napep ɗinsu sai ka ga sun ɗaura hankici a hanci, wanda wallahi ba abin da yake tarewa.

Mutane da yawa sun ɗauka tari ne kawai da mura. Ina! Binciken da aka buga a mujallar likitanci ta Lancet Planetary Health a ƙarshen 2020 ya ce mutum miliyan 1.67 ne suka mutu a Indiya a 2019 ta dalilin gurɓatacciyar iska, wato kusan kashi 18 cikin ɗari na duk mutuwar da aka yi a ƙasar a shekarar. Kuma ba wanda aka rubuta ma "iska ce ta kashe shi" a takarda, abin da ake rubutawa ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon huhu, kansa, ciwon suga, jariri an haife shi bakwaini ko ba nauyi. Jami'ar Chicago kuma suna da wani lissafi da suke fitarwa duk shekara na yawan shekarun da iska take rage wa mutane, a rahotonsu na 2023 sun ce mazaunin Delhi yana asarar shekara 11.9 in aka ci gaba a haka, ɗan Indiya gaba ɗaya kuma 5.3. Na san wani zai ce ai kwana na Allah ne, haka ne, ba mai jayayya, amma ai da wannan imanin muke ɗaura gidan sauro muke kuma tafasa ruwa lokacin kwalara.

Ɓangaren kuɗin ne ya fi ɗaure min kai. Wancan binciken na Lancet ya ƙiyasta asarar dala biliyan 36.8 a shekara ɗaya, kashi 1.36 na arzikin ƙasar, daga mutuwar masu ƙarfin aiki da kwanciya jinya kawai. Bankin Duniya ya yi na duniya baki ɗaya ya samu dala tiriliyan 8.1 a 2019. Amma in kana so ka ga asarar da idonka ka je bakin titi inda leburori suke taruwa da safe. Da zarar ma'auni ya haura, gwamnati sai ta hana aikin gini, ta hana manyan motoci shigowa, ta rufe makarantu a koma karatu ta waya, leburan da ya baro ƙauyensu a jihar Bihar sai ya zauna ba aiki ba kuɗin abinci, iskar kuma dai ita yake shaƙa. Akwai maigadin layinmu, dattijo, da dare ya yi sanyi sai ya tara kwali da leda da ganye ya kunna ya miƙa hannu yana jin ɗumi, hayaƙin na shiga fuskarsa kai tsaye, a saman benen da yake gadi kuma kowane ɗaki da na'urar tace iska tana aiki. Har shagon sayar da iska aka buɗe a wani kanti a unguwar Saket a 2019, ka biya rufi 299 kuɗin Indiya ka shaƙi oksijin na minti 15. Mai kuɗi ya sayi nasa numfashin kenan.

Duk shekara manoman jihohin Punjab da Haryana da ke kusa da Delhi ake ɗora wa laifi saboda ƙona karan shinkafa. Suna ƙonawa kam, amma ku ji yadda abin ya faro: a 2009 aka yi doka a Punjab don a tattala ruwan ƙasa, aka hana dashen shinkafa da wuri, sai girbi ya koma baya, tsakanin girbi da shukar alkama ya zama 'yan makonni, manomi ba shi da lokaci ba shi da kuɗin injin da zai kwashe karan, sai ashana. Ga shi lokacin ya zo daidai da shigowar sanyi, iska ta tsaya cak, hayaƙi ya kwanta a kan gari ba inda za shi, ga wasan wutar bikin Diwali na mabiya addinin Hindu a kai. Amma ƙona karan nan 'yan makonni ne, motoci da masana'antu da ƙurar gini da ƙona bola kuwa duk shekara suna nan, kawai dai manomi ya fi sauƙin zagi. Sun gwada dabaru, motoci masu lamba mara da cika su dinga fita rana bi rana a 2016, wata hasumiyar tace iska a unguwar Connaught Place a 2021 da aka kashe mata maƙudan kuɗi ba ta tsinana komai ba. Wanda ya yi aiki da gaske shi ne lokacin da kotun ƙoli ta tilasta wa bas-bas komawa gas, wajen 2002, sai dai yawan motoci ya zo ya cinye ribar.

Kar kuma ku ce ai can ne. Su nan aƙalla suna da na'urori a unguwa-unguwa, kowa na dubawa a waya kafin ya fita. Mu fa? Kamfanin IQAir mai auna ingancin iska ya sa Chadi a ta ɗaya a duniya wajen gurɓatar iska a 2022 da 2024, kuma ƙurar hunturun da take rufe Kano da Damagaram da Maiduguri daga kwarin Bodele na Chadin take tasowa. Ku haɗa da hayaƙin janareto a bakin taga, da Adaidaita Sahu, da tayar da ake ƙonawa ana babbaka a kwata, da uwa uba icen girki, mace na tsugune gaban murhu tana fifita da goyo a bayanta. Bankin Duniya da ya auna Legas kaɗai ya samu mutuwa 11,200 a 2018, kashi 60 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, asarar kuma dala biliyan 2.1. Masu bincike na jami'ar Stanford a 2018 sun duba ƙasashen Afirka 30 suka ga duk ƙarin 10 a ma'aunin PM2.5 ɗin nan yana ƙara mutuwar jarirai da kusan kashi 9. Mu kuma sai mu ce sanyi ne ya kama yaro, a shafa mai man zafi.

Saboda haka dan Allah, in ba aikin gaggawa ba ne, mai ciwon zuciya ko asma ko tsoho ko jariri, ku nemi likita ya ba ku rana daga Maris zuwa Satumba, akwai zafi sosai a Mayu da Yuni amma damina tana wanke sama. In dole ne sai da sanyi, ku tambayi asibitocin kudu irin Chennai da Bangalore, iskarsu ta fi dama-dama nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya riga ya sayi tikitin Delhi ya nemi takunkumi N95, ba shuɗin nan na zamanin korona ba, ya kuma tambayi mai masauki ko akwai na'urar tace iska a ɗakin kafin ya tura kuɗi, don wakilan da suke kawo marasa lafiya ba za su faɗa muku wannan ba.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Naku, daga Delhi.