Na gano kufan Unguwar Maƙera bayan wata bakwai

Jama'a masu bin diddigin asali, yau kam bari in yi ɗan fankama, don garin nan da ya hana ni barci tun kafin damina na taka shi da ƙafata ranar Asabar.

Ga waɗanda ba su bi maganar daga farko ba, a littafin baftisma na cocin da aka yi wa kakarmu, gurbin garin haihuwa an rubuta "Ung. Makeri, Zaria Prov." ne kawai, shi ma tawadar ta koɗe. Na farko dai rubutun Turawan mishan sai a hankali, mutanen da suke rubuta Girku da "Gierku" ai ka san ƙ ba za ta tsira a hannunsu ba. Na ce to Maƙeri ne ko Maƙera. Sai na buɗe Google Maps, wai ni mai wayo. Kai! Duk inda maƙeri ya taɓa kafa uwar maƙera ya kunna zugazugi a ƙasar Zazzau an sa wa wurin sunan nan. Na zaɓi guda da ta fi kusa da Wusasa, tunda mishan ɗin CMS, na cocin Angilika, can ya koma daga cikin birnin Zariya a 1929, na ce ai ba za su yi nisa ba. Kuɗin mota da acaɓa da goron mai unguwa suka ci min naira dubu 14, ƙarshe aka ce min unguwar ma bayan yaƙin basasa aka kafa ta. Na dawo gida ko abinci ban iya ci ba.

Kuskurena, sunan nake nema a taswirar yau, alhali unguwa irin wannan sunanta na bin mai ita ne, in ya mutu ko aka tashi sai sunan ya bi shi. Taswirorin safiyo na shekarun 1960 da na sa rai a kansu su ma babu ita, kuma wannan rashin ne ya fara buɗe min ido, wato kafin a zana su garin ya riga ya watse.

Abin da ya warware ƙullin wata 'yar magana ce da gwaggonmu ta yi tana tsince shinkafa, wai kaka takan ce "mu da Bature ya tayar saboda ƙudan tsando". Na ce Gwaggo, shekara nawa kina riƙe da wannan! Ai shirin Anchau ke nan, lokacin da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi gabashin lardin Zariya, daga ƙarshen shekarun 1930 aka shiga sare kurmin bakin rafuka, aka kwashe mutane wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka zuwa sababbi masu rijiyoyin siminti, aka gina Takalafiya kusa da tsohuwar Anchau. Sai na nufi gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, na bar batun coci gaba ɗaya na koma rahotannin haraji na gunduma, inda ake jera unguwanni ƙarƙashin dagacinsu. Kwana biyu ina buɗe fayil mai warin ƙura, ga ta nan, "Ungwa Makera", da sunan garin dagacin a samanta. Shi garin dagacin yana nan daram har gobe, a ƙaramar hukumar Kubau.

A can ma da na tambayi matasa Unguwar Maƙera sai kallon juna suke. Wani dattijo a gindin durumi ne ya ce, "Ɗana, ba unguwa za ka ce ba, ka ce kufai." Ashe gonakin arewa da rafi har yau Kufan Maƙera ake ce musu, sunan ya bar mutane ya koma kan gona. Na ce Baba ko za a raka ni, ya haɗa ni da jikansa.

Masara ce ta rufe wurin, amma ga kuka uku manya a jere, ga dutsen niƙa rabinsa a binne, tsingaro ko'ina cikin kunya. Yaron ya tona da ƙafa ya miƙo min wani baƙin dunƙule mai nauyi mai ramuka, kashin maƙera. Na daɗe a tsaye da shi a hannu, sai da yaron ya ce rana na yi.

Na ɗauki lambar GPS ta wurin a waya. Saura yanzu in gano wane sabon ƙauye aka kai su, da yadda yarinya daga nan ta faɗa hannun mishan, Gwaggo ta ce wai asibiti aka kai ta tana ƙarama amma a littafin ba a rubuta ba. Dunƙulen yana kan teburina, matata ta riga ta tambaye ni sau biyu ko za a zubar.