Rage ƙiba bayan an cire min matsarmama

Wata huɗu bayan tiyata na hau sikeli na ga kilo 94, alhali kafin aikin 88 nake. Na ɗauka wanda aka cire wa matsarmama ramewa yake yi. Da na zauna na yi tunani sai na gano dalili. Shekara guda cur na yi ina tsoron abinci, domin duk ranar da na ci soyayyen nama ko waina mai maiƙo, cikin dare ciwo zai turnuƙe ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ya haura har kafaɗa. Da aka cire matsarmamar da tsakuwoyin da ke cikinta, tsoro ya kau, baki ya buɗe.

Ƙanwata ce ta kawo min maganar keto, wani tsarin cin abinci na rage ƙiba. Ita ta zubar da kilo tara cikin wata biyu, kowa na yaba ta. Ta ce, "Yaya, ki bar tuwo da shinkafa da burodi kawai, mai kuwa ki ci iya son ranki." A tsarin, sitacin da mutum zai ci a rana ba ya wuce giram 50, sauran ƙarfin jiki daga mai yake fitowa. Da safe ƙwai uku soyayyu da man shanu, shayi da cokalin man kwakwa, da rana balangu mai kitse, da dare miya ta sha manja ba tuwo.

Kwana uku na yi. A rana ta uku ina gaban allo ina koyar da 'yan aji huɗu cikina ya murɗa, kafin a tashi tara na zaga banɗaki sau huɗu. Gudawa ce ruwan ɗorawa, ga kumburin ciki, ga tashin zuciya.

Likitan da na koma wurinsa ya zana min abin a takarda. Ashe hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan mai narkar da maiƙo, matsarmama ma'aji ce kawai, 'yar jaka da ke ɗaukar kamar mililita 50. Idan abinci mai maiƙo ya isa hanji sai ta matse ta zubo ruwan mai kauri a lokaci guda. Ni da ba ni da ita, ruwan ɗiga yake yi kaɗan-kaɗan dare da rana, ko na ci ko ban ci ba. Idan na lafta mai da yawa, abin da ke ɗigowa ba zai ishe shi ba. Ruwan ɗacin da ya zarce zuwa babban hanji kuma ruwa yake jawowa, daga nan gudawar take. Ya ce, "Hajiya, rage sitaci babu laifi. Cika ciki da mai ne bai dace da jikinki ba."

Daga nan na sake lale. Ban bar tuwo ba, malmala biyu ce ta koma rabin ɗaya, miya kuma ta ƙaru. Na lura duk ranar da na sha miyar kuɓewa ko ta kuka cikina yakan kwanta lafiya, don haka su ne suka fi yawa a tukunyata yanzu. Ƙosai ya ba alale wuri. Awara, wadda a da sai ta yi iyo a kasko, yanzu dafa ta nake cikin miyar tumatir ko in gasa. Kifi gasasshe, kaza ba fata, dafaffen ƙwai, kwaɗon zogale da ƙuli ɗan kaɗan, don shi ma ƙulin akwai sauran mai a jikinsa. Wake yana da sitaci, masu keto ba sa taɓa shi, amma ni yana riƙe min ciki har la'asar, ba zan bar shi ba. Mai kuwa da cokali nake aunawa, cokali ɗaya a kowane ci. Ban yanke shi gaba ɗaya ba, domin bitamin A da D da E da K sai da maiƙo jiki ke iya ɗaukarsu. Maimakon ci biyu masu nauyi, sau huɗu nake ci ƙanana.

Abin da ya fi ba ni wuya sukari ne: shayin safe cokali uku, zoɓo, kunun aya, lemon kwalba idan an yi baƙi. Sai da na yi kusan wata biyu kafin harshena ya saba.

Gidan biki da suna ma wani gwaji ne. Inna ta taɓa kallon farantina ta ce, "Ke kuwa wannan ci kamar mai jinya?" Na ce mata, "Inna, jinyar ce nake gudu." Da azumi kuwa dabino biyu da ruwa nake fara sha, sai farfesun kifi bayan magariba, don soye-soye a kan cikin da ya wuni babu komai ya taɓa kwantar da ni.

Wata goma sha ɗaya ke nan, ina kilo 83. Kilo ɗaya a wata, ba abin da za a yi shela a kai ba ne, amma gwiwoyina sun daina ƙara idan na yi sujada, kuma ban sake barin aji da gudu ba.

Damuwata yanzu ƙanwata ce. Ranar nan likitan ya gaya min cewa ramar gaggawa, wadda ta wuce kilo ɗaya da rabi a mako, tana cikin abubuwan da ke haddasa tsakuwa a matsarmama, domin hanta takan zuba kolestarol, wani nau'in maiƙo, mai yawa cikin ruwan ɗacin. Ita tata matsarmamar tana nan, kuma makon jiya ta ce min tana jin wani nauyi a gefen dama bayan ta ci abinci. Na san wannan nauyin. Ranar Asabar in sha Allahu ni zan raka ta a yi mata hoton ciki.