Zangon karatu na uku a ƙauye: yadda jami'ar Tamale ke tura ɗalibanta cikin jama'a

Jami'ar Nazarin Ci Gaba ta Tamale a arewacin Ghana, wadda ake kira UDS, an kafa ta a 1992, ta fara karatu a Nyankpala a 1993. Shekarar karatunta zango uku ce. Biyu a aji ake yin su, na ukun kuwa, kimanin mako takwas, a ƙauye. Ana haɗa ɗalibai wajen goma daga tsangayoyi daban-daban, mai karatun noma da mai karatun lafiya da mai karatun koyarwa, a kai su gari ɗaya su zauna, su ɗebi ruwa inda mutanen garin ke ɗiba. Shekarar farko su rubuta bayanin garin, shekara ta biyu su koma can ɗin dai su tsara shawarar abin da za a iya yi. A Najeriya mun fi sabawa da SIWES, wanda ke kai ɗalibi ma'aikata, da bautar ƙasa, wadda sai bayan digiri. Wannan kuwa yana cikin digirin, kuma da maki a kansa.

Shiga gari shi ne rabin aikin. Ana fara neman ɗan majalisar gunduma na yankin, shi zai yi jagora zuwa fadar sarki, da goro a hannu. A garuruwan da ke da tindana, mai kula da al'amuran ƙasa, ba a tsallake shi. Sai liman ko fasto, da magajiyar mata, da shugaban matasa. A duk waɗannan gaisuwa akwai maganar da dole a faɗa ƙarara: mu ɗalibai ne, karatu ya kawo mu, ba mu zo da kwangilar famfo ko asibiti ba. In aka ji nauyin faɗin haka, gari zai ɗauka baƙin gwamnati ne, kowa ya shiga ƙara wa talaucinsa gishiri, alƙaluman da za a tattara su lalace tun daga tushe.

Makon farko ba na takardar tambayoyi ba ne. A ratsa garin da ƙafa daga wannan gefe zuwa wancan tare da mutum biyu ko uku da suka san shi, ana lura da rijiyoyi, makaranta, injin niƙa, juji, fadama, hanyar shanu. Daga nan a sa mutanen garin su zana taswirar garinsu a ƙasa da tsinke da toka da duwatsu, ɗalibai su kwafe a takarda. Ɗalibin da ya riƙe tsinken da kansa ya ɓata aikin, domin abin da ya gani zai zana, ba abin da mutanen suka ɗauka da muhimmanci ba.

Ƙirga ma da hankali ake yin ta. Gida ɗaya a arewacin Ghana yakan ƙunshi tukunya uku ko huɗu, don haka a ƙirga masu ci daga tukunya ɗaya, ba ƙofar gida ba. Famfo kuma a rubuta mai aiki daban, matacce daban, a tambayi tun yaushe ya mutu, wa ke riƙe da kuɗin gyara. Garin da rahoto ya ce yana da famfo huɗu alhali biyu ne ke ba da ruwa, an cuce shi a gaban gunduma.

Inda ɗalibi ke koyon zaman jama'a na gaske shi ne wurin jera matsaloli. Ana tara maza daban, mata daban, matasa daban, domin in aka haɗa su dattawa biyu ne za su yi magana, sauran su ce haka ne. Kowane rukuni ya kawo matsalolinsa, a taƙaita su zuwa biyar ko shida, sannan a riƙa gwama su biyu-biyu: ruwa ko hanya? ruwa ko taki? Matsala shida tana ba da gwami 15, biyar kuma 10, ya wuce haka mutane sun gaji sun fara watsewa. Wata hanyar ita ce a ba rukuni ƙwayar masara 100 su raba a kan matsalolin gwargwadon nauyinsu. Sau da yawa maza kan sa hanya da taki a gaba, mata su sa ruwa da injin niƙa da wurin haihuwa. Kada a haɗa sakamakon a fitar da matsakaici. A kai duka gaban taron gari, a bar su su yi muhawara. Ɗalibi na zaune yana ganin wa ake saurara, wa ake katsewa, Fulanin da ke rugar bayan gari ko an ma kira su.

Lokacin ma yana da matsalarsa. Zangon yakan faɗa cikin damina, kowa na gona tun asuba. Wanda ya fita da takarda da hantsi tsofaffi da yara zai tarar. Hira sai da yamma ko ranar da ba a zuwa gona, ranar kasuwa kuwa a bar ta don duba farashi. Harshe kuma: Hausa tana fitar da mutum a kasuwa da unguwar zango, amma tattaunawa da mata a ƙauyen Dagbamba, ƙabilar yankin Tamale, sai da Dagbanci, kuma tafinta namiji mai muƙami yakan gyara maganarsu kafin ta iso.

Babban aibin irin wannan shiri, a ko'ina ake yin sa, shi ne rahoto ya ƙare a kabad ɗin malami. An ci lokacin mutane mako takwas, an ba da maki, shi ke nan. Garin da aka yi wa haka sau biyu ba ya sake buɗe baki. Maganinsa ba tsada: kafin a tashi a karanta wa taron gari abin da aka rubuta da harshensu, su gyara kurakurai, a bar kwafi ɗaya wurin sarki, ɗaya wurin ɗan majalisa, ɗaya a kai wa jami'in tsare-tsare na gunduma, wanda shi ke haɗa tsarin raya gunduma na shekara huɗu. Malamin da ke duba rukunin kuma ya je garin da kansa ya gwada taswira da alƙaluma, domin kwafar rahoton bara abu ne mai sauƙi, sai an taka garin ake gane shi.